Kyautar Hannu Ta Fi Ta Kanti

1. Abin da na gani a Kasalgu

Yara, aikina shi ne zagaya makarantu. Ina zama a bayan aji, in saurari darasi, bayan an tashi in ba malami shawara. Wannan aiki ya taɓa kai ni ƙasar Gana, wani gari da ake kira Kasalgu.

Ku ɗauko taswirar Afirka ta Yamma ku nemi Gana. Tana kudu da Burkina Faso. A arewacinta za ku ga babban birni mai suna Tamale. Kasalgu yana gefensa, cikin gundumar Sagnarigu. Mutanen wurin Dagwamba ne, harshensu Dagbani. In ka ce wa mutum «Dasiba» da safe, sai ya amsa maka da «Naa». Ana jin Hausa ƙwarai a kasuwar Tamale da unguwar Zango, domin tun zamanin da fatake suna bin ƙasar zuwa Salaga sayen goro. Shi ne goron Gwanja da kakanninku suke ba da labari.

Na isa can cikin watan Fabrairu, ƙarshen hunturu. Ranar 14 ga wannan wata, Turawa suna bikin da suke kira ranar masoya. Gwamnatin Gana ta mai da ranar ta zama ranar cakulan, don mutane su riƙa sayen abin da ƙasarsu take nomawa. Kantunan Tamale sun cika da jajayen kaya: katuna masu hoton zuciya, furannin roba, cakulan cikin takarda mai walƙiya.

A wata makaranta da na ziyarta, wata malama ta ce wa ƴan ajinta kowa ya zo da kyauta gobe, a yi musaya. Nufinta alheri ne. Washegari da aka kira suna, benci uku babu kowa. Da aka tashi, muka bi sawun ɗaya daga cikin yaran, wata yarinya ƴar shekara bakwai. Muka same ta lafiya lau, tana zaune kusa da uwarta da ke bugun man kaɗe. Malama ta ce: «Me ya hana ki zuwa?» Yarinya ta sunkuyar da kai. Uwar ce ta amsa: «Malama, ba mu da kuɗin abin kanti. Ta ce gara ta zauna gida da a yi mata dariya.»

Ranar da aka ce ta ƙauna ce, ita ce ta kori yarinya daga aji. Tun daga lokacin nake faɗa wa malaman da nake horarwa magana guda: in za a yi kyauta a makaranta, to, yara su yi ta da hannunsu, da kayan da ke garinsu, kada a nemi ko dala daga wurin iyaye. Ga dalilaina.

2. Kyauta ba baƙuwa ba ce a wurinmu

Wasu suna tsammani ba da kyauta don nuna ƙauna al'adar Turawa ce. Ku duba harshenku da kyau. Inda Faransanci yakan ce «cadeau», Hausa tana da kalmomi da yawa. Abin da matafiyi ya kawo wa na gida, tsaraba ne. Abin da aka ba wanda ya kawo saƙon kyauta, tukwici ne. Abin da manya suke ba yara ranar idi, goron Salla ne. Abin da aka kai gidan biki ko suna, gudummawa ce. Abin da aka bayar don Allah, sadaka ce. Mutanen da ba su san kyauta ba, ba za su yi mata sunaye haka ba.

Ranakun ba da ita ma muna da su. Akwai ƙaramar Salla da babbar Salla. Akwai Mauludi, wanda a watansa Dagwamba suke bikin Damba, da kiɗa da rawa da hawan dawakai. Kiristoci suna da Kirsimeti. A Nijar akwai ranar mata, 13 ga Mayu, wadda ta samo asali daga jerin gwanon da mata suka yi a Yamai a 1991. Duk waɗannan ranaku ne da yaro zai iya cewa: «Inna, na gode.» Wanda gidansu ba su yarda da ranar 14 ga Fabrairu ba, ba a tilasta masa. Sauran ranakun sun ishe shi.

Abin da na lura da shi kawai shi ne, a yawancin ranakun nan yaro karɓa yake yi. Ya ci ado, ya bi gida-gida yana barka da Salla, ya dawo da aljihu cike. Wannan abu ne mai kyau. Amma yaron da bai koyi bayarwa ba tun yana ƙarami, da wuya ya koya in ya girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

3. Dukiyar da ke bayan gida

Mu koma gidan yarinyar nan. Uwarta ta ce ba su da komi. Alhali kuwa a gabanta akwai ƙwarya cike da man kaɗe fari tas.

Matan Kasalgu sun shahara da wannan sana'a. Da farkon damina suke fita tsintar ƴaƴan kaɗanya. Su dafa ƙwara, su shanya, su fasa, su daka, su soya, su niƙa. Sa'an nan su zauna su yi ta bugun ƙullun da hannu, suna zuba ruwa kaɗan-kaɗan, har mai ya taso sama. Su kwashe, su dafa, su tace, su bar shi ya daskare. Itacen kaɗanya kansa yakan yi shekara 15 ko fiye kafin ya fara ƴaƴa.

Koko kuwa, wanda ake cakulan da shi, ba ya yi a ƙasar Tamale. A kurmin kudu ake noma shi, tun bayan da wani maƙeri mai suna Tetteh Quarshie ya kawo irinsa daga tsibirin Fernando Po a 1879. Ga kuma abin mamaki: ana fitar da man kaɗe zuwa Turai, kuma dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta yarda a sa shi cikin cakulan, tare da wasu mayukan itatuwa, har kashi 5 cikin 100. Wato abin da Turawa suke saye da kuɗinsu daga nesa, shi ne yarinyar take ganin bai isa kyauta ba. Laifin ba nata ba ne. Mu manya ne muka nuna mata cewa abin da ba a naɗe shi da leda ba, ba shi da daraja.

Haka abin yake a garuruwanmu. Muna da kaba, da kara, da duma, da yumɓu, da ƙaro, da ƙyallayen da tela yake zubarwa, da kwalin sukari da na sabulu. Launi ma muna da shi: karan dafi da dukawa suke rina jar fata da shi, baba mai ba da shuɗi, gangamau mai ba da rawaya, gawayi mai ba da baƙi, zoɓo mai ba da ja mai duhu.

4. Kyaututtuka biyar da yaro zai iya yi

Na farko, katin tafin hannu. Wannan na ƙanana ne, ƴan shekara huɗu zuwa shida. A yanka kwali, a manna masa farar takarda da ƙaro wanda aka jiƙa tun jiya. Yaro ya ɗora hannunsa, ɗan'uwansa ya zagaye shi da fensir. Sai ya cika cikin hannun da zane irin na lalle. A ƙasa a rubuta da harshe biyu: «Barka da Salla, Inna» da «Bonne fête, maman». A sa kwanan wata. Hannun yaro yana girma kowace shekara, katin kuwa yana nan da girman hannun na ranar. Shi ya sa iyaye mata suke ɓoye irinsa a ƙasan akwati.

Na biyu, ƙoƙon man kaɗe. A sami ƙaramin ƙoƙo mai marfi, a kankare cikinsa, a wanke, a shanya. Yaro ya zana adon da yake so a bayansa da gawayi ko fensir. In ana son zanen ya zauna, babba ne zai bi layin da ƙarfe mai zafi, yaro yana kallo daga nesa. Sa'an nan a cika ƙoƙon da man kaɗe. Wannan kyautar Kaka ce. Lokacin hunturu ƙafafun tsofaffi suna yin kaushi da faso, mai shi ne maganinsu. Yaron da ya kai ƙoƙon ya ce: «Kaka, kawo ƙafarki in shafa miki», ya ba da kyauta biyu.

Na uku, mafici ko faifai. Ƴan shekara takwas zuwa goma suna iya saƙar kaba in aka nuna musu. A jiƙa kabar ta yi laushi. A rina wani sashe da karan dafi, a bar wani fari, a riƙa sarƙa su. Mafici na Baba ne ko Kawu, don zafin bazara. Faifai na Inna ne ko Gwaggo, ta rufe ƙwaryar fura. A nan malami ba ya jin kunyar gayyato wata tsohuwa daga unguwa ta koya wa yara. Sau da yawa ta fi shi sani.

Na huɗu, sarƙar wuya ko awarwaro. A mulmula yumɓu ƙanana-ƙanana, a huda kowane da tsinke tun yana ɗanye, a shanya a inuwa don kada ya tsage. In ya bushe a shafa launi, a zura a zare mai ƙarfi. Ana iya haɗawa da ƴaƴan tsamiya waɗanda babba ya dafa ya huda. Wannan kyautar ƙawa ce ko yaya.

Na biyar, ɗan itace cikin gwangwani. A huda gindin gwangwanin madara, a zuba ƙasa da taki, a shuka zogale ko mangwaro. Yaro ya yi ta ba shi ruwa makonni kafin ranar biki, ya manna takarda mai sunan wanda zai ba. A Nijar, ranar 3 ga Agusta, ranar samun mulkin kai, ita ce kuma ranar dashen itace. Babu kyautar da ta fi dacewa da ita.

Wanda yake son siffar zuciya a kan katinsa, abu ne mai sauƙi: ya ninka takarda biyu, ya zana rabin zuciyar a bakin ninkin, ya yanka, ya buɗe. Wanda ya fi son dagi, irin wanda ake gani a bangon gidaje da wuyan riguna, shi ma ya yi. Ni dai dagin ya fi burge ni, domin layinsa a sarƙe yake kamar zumunci.

5. Hattara

Aikin hannu da ƙananan yara yana son ido. Wuƙa, reza, allura da wuta na manya ne. Almakashin yara ya zama marar tsini. Kada a bar ƙananan duwatsun ado kusa da jaririn da bai kai shekara uku ba, domin komi ya samu baki yake kai shi.

Ga wani gargaɗi mai muhimmanci. Akwai ƴaƴan itace masu kyan gani waɗanda guba ne. Idon zakara, ɗan ja mai baƙin ɗigo, yana jan hankalin yara ƙwarai, amma in aka huda shi ko aka tauna yana iya kisa. Haka ƴaƴan zurma da na bini-da-zugu. Kada a yi sarƙa da su, kada a kawo su aji. Bayan aiki kowa ya wanke hannu da sabulu.

6. Abin da masu suka suke cewa

Wani uba ya taɓa ce mini: «Malam, na kawo ɗana ya koyi karatu da lissafi, ba saƙar faifai ba.» Maganarsa tana da nauyi. Lokacin makaranta kaɗan ne, ajujuwa sun cika, ga jarrabawa tana jira. Amma ku duba abin da ke cikin kati guda. Yaro ya auna tsawo da faɗi da ma'auni. Ya ninka takarda ya ga sassa biyu sun yi daidai, wannan darasin siffofi ne. Ya rubuta jimla da Hausa da Faransanci, kuma ya kula ƙwarai kada ya yi kuskure, don ya san Inna za ta nuna wa maƙwabta. Mai zura sarƙa yana ƙirga: ja biyu, fari ɗaya, ja biyu, fari ɗaya. Yatsun da suka saba da kaba da yumɓu sun fi saurin riƙe alƙalami. Wannan ba sabon ra'ayi ba ne. Wani malami Bajamushe, Friedrich Fröbel, ya kafa makarantar ƙanana da ya kira lambun yara a 1840. Shi ne «jardin d'enfants» da kuke ji. Ninka takarda da saƙa da ginin yumɓu suna cikin darussansa, kayan wasan da yake ba yara kuwa ya sa musu suna kyaututtuka.

Wasu suna cewa aikin yara ba ya kyau, kunya ne a kai wa babba karkataccen abu. Gaskiya ne, mafici na farko yakan karkace. Amma ban taɓa ganin kakar da ta mayar wa jikanta kyauta don ta karkace ba. Abin da take gani shi ne kwana ukun da yaron ya yi yana saƙa yana tunaninta. Saboda haka ina roƙon malamai da yayye: ku nuna, ku taimaka, amma kada ku karɓe aikin ku gyara shi. In babba ya gama shi, ya daina zama kyautar yaro.

Wasu kuma suna tsoron kada a mai da yara leburori. Wannan tsoro yana da tushe, domin an taɓa ganin inda ake sa ƴan makaranta aiki, wani ya ci amfanin. Dokar da nake ba malamai ita ce: abin da yaro ya yi nasa ne. Shi zai zaɓi wanda zai ba, shi zai kai. Ba a sayarwa, ba a tarawa a ofis.

7. Laifin da ni ma na yi

Ba zan ɓoye muku ba. Lokacin da nake sabon malami, in ranar aikin hannu ta zo, nakan ce kowa ya kawo tsintsiya ko igiya. Na san sarai yawancinsu a kasuwa aka sayo. Ina karɓa, in ba da goma bisa goma. Wata rana wani yaro ya kawo ƴar motar kara da ya yi da kansa, ƙafa ɗaya ta fi sauran girma. Na ba shi biyar. Ya ɗauki motarsa ya koma benci bai ce komi ba, kuma bai sake kawo abin da ya yi da hannunsa ba. Ranar nan na koya wa aji guda cewa kuɗi sun fi ƙoƙari. Shekaru sun wuce, har yanzu abin yana damuna.

Don haka nake ce wa malamai: a yi aikin cikin aji, a gaban idonku. Kada a ba kyauta maki. In za a yi musaya tsakanin yara, a rubuta sunaye a jefa cikin ƙwarya, kowa ya ɗauki ɗaya, don kada wani ya tashi da kyauta biyar wani ya tashi hannu wofi. A tuna kuma da marayu. Kada malami ya ce «kowa ya yi wa uwarsa». Ya ce: «Kowa ya yi wa wanda yake kula da shi a gida.»

Malamar nan ta Kasalgu ta gyara tun kafin in bar garin. Ta roƙi uwar yarinyar ta zo makaranta ta nuna wa yara yadda ake bugun mai. Ƴan aji suka yi ado a ƙoƙuna, aka cika su. Yarinyar da ta ɓuya a gida ita ce take bi benci-benci tana nuna wa ƴan'uwanta yadda ake shafe saman man ya yi sumul.

Yara, Salla tana tafe, ko wani biki na garinku. Tun yau ku zaɓi mutum ɗaya. Ku tambayi kanku: me yake bukata? Me yake so? Sa'an nan ku duba bayan gida, ku nemi kaba ko kwali ko yumɓu, ku fara. In kun kai, ku durƙusa ku miƙa da hannu biyu. Ku kuma manya, in yaro ya kawo muku, ku ajiye abin da kuke yi, ku duba da kyau, ku sa masa albarka. Yaba kyauta tukwici.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa Kasalgu yake? Wane babban birni ne kusa da shi?
2. Me ya hana yarinyar zuwa makaranta?
3. Faɗi bambancin tsaraba da tukwici da gudummawa.
4. Jera matakan yin man kaɗe bi da bi.
5. Waɗanne ƴaƴan itace ne ba a yin sarƙa da su? Don me?
6. Kana ganin marubucin ya yi daidai da ya ce kada a ba kyauta maki? Faɗi dalilinka.

Aikin yi

Zaɓi ɗaya daga cikin kyaututtuka biyar ɗin nan ka yi ta. Rubuta jimla biyu ta gaisuwa, ɗaya da Hausa, ɗaya da Faransanci, ka haɗa da ita.